Salkunan da Ba Su Ƙetare Teku Ba

Jiya da hantsi wani saurayi ya tsaya bakin rumfata da amalanken jaki, bidon roba biyu, jarkokin ruwa, na rawa a bayansa. Ya ɗaga kai ya ga tsohuwar salkar da ke rataye a gwafa, ya ce, "Baba Labo, ashe wanga abu ne sana'arku ta da? Ai akuya ce anka hidda ma nama anka ɗura ruwa." Abokansa suka bushe da dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da aka kai ni Korahan wurin Baba Nomau in koyi aikin. Bambancinmu ɗaya ne, ni na faɗa a inda hannun tsohon ke iya kaiwa ga ƙeyata.

Akuyar farko da ya ba ni in feɗe baƙa ce, ta wani Bafillace. Fatar salka ba a tsaga mata ciki. Wuya ake yankewa, ka cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama kana turawa a hankali, har ka zare akuyar gaba ɗaya ta wuyanta, kamar yadda ake tuɓe wa yaro riga. Wuƙa ba ta da aiki sai wajen ƙafafu. To ni Allah ya yi ni da gaggawa, kuma tsohon ya zaga bayan gida, sai na ce bari tsinin wuƙa ya ɗan taimaki hannu. Da ya dawo, sai da muka jeme ta, muka ɗinke, sannan ya hura mata iska da baki, ya ɗaure wuyan, ya ce in kara a kunne. Ta ko'ina fito take yi. Ya rataya mini ita a kafaɗa ya ce in tafi rijiya in ɗebo masa ruwan alwala. Rijiyar kuwa ba kusa take ba, ga zurfi. Na dawo riga sharkaf, salka ko na kurkure baki babu, matan unguwa na biye da ni suna tambaya ko wanka na je yi.

Kayan aikin ba wasu masu yawa ba ne, shi ya sa kuke raina su. Turmi na daka bagaruwa, kwatarniya ta jiƙa ta, da basilla guda wadda har yanzu tana cikin aljihuna. Za ka cika fatar da ruwan bagaruwa ka ɗaure, kana juya ta safe da yamma, kana murzawa har hannunka ya rine, ka je neman aure a ce ka fara wanko hannu tukuna. Gashin ba a cire shi, shi ke riƙe laima, iska ta buga ruwan ya yi sanyi ko da rana na tsaka. Ɗinkin gindi nan ake gane gwani. Sai man shanu: ka yi rowarsa salka ta bushe ta tsage, ka cika shi ruwa ya yi ƙarni, mai ita ya dinga ambaton sunanka a kowace rijiya, ba da alheri ba.

Amma duk wannan rabin sana'ar ne. Ɗaya rabin tambaya ce. Wani falke daga Rumbu ya taɓa zuwa mana, za shi arewa sayen gishiri, ya ce salka biyu yake so. Baba Nomau ya ce, "Kwana nawa tsakaninka da rijiya ta gaba?" Ya ce biyu. Tsohon ya ce to huɗu za ka ɗauka. Falke ya yi tsalle ya dire, ya ce an maida shi saniyar tatsa, ya rantse ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Tsohon ya ci gaba da ɗinkinsa. Da mutumin ya gaji ya kwashi huɗun ya tafi yana gunaguni, sai tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Duk abin da mai saye ya hwaɗi, ka ninka. Ba don mugunta shike ragewa ba. Shina lissahi ne da raƙumin da ba ya gurguncewa da rijiyar da ba ta ƙahewa." Wannan ka'ida na riƙe ta fiye da yadda na riƙe wasu surorin da aka rubuta mini a allo.

Da Nasara suka kafa bariki a Dakoro kasuwa ta buɗe, na dawo nan na kafa rumfata. Buzaye, Fulani, fatake, har sojan raƙumi na kumandan, duk wurina. Ana cewa ba a taɓa tsintar gawa a daji da salkar Labo a gefenta ba. Gaskiya ni na fara faɗin haka, amma mutane suka ɗauka suna maimaitawa har na manta daga bakina ta fito.

Sai kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo. Fatake suka gane tano guda, wato gangar ƙarfe, a bayan mota ya fi tarin salkuna, kuma ƙaya ba ta huda shi. A shekarar da nake ba ku labari, tun daga girbi har zafin bazara sababbin salkunan da na ɗinka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na koma gyaran guga da takalma, ina korar ƙuda, ina gaya wa duk wanda ya zauna cewa ruwan tano na sa ciwon ciki.

Ana cikin haka Agali ya zo. Agali Buzu ne na Tagris, sojan raƙumi a bariki, dogo, marar yawan magana. Idan ya ce maka "to" da safe ya gama hirar ranar. Shekara da shekaru ni ke yi masa salka, har muka zama abokai, ni ina surutu shi yana dafa shayi. Ya durƙusar da raƙuminsa, ya zauna, sai da ya gyara rawani sannan ya ce, "Labo, salka nike so. Tahiya ta kama ni."

"Zuwa ina?"

"Faransa. Kumandan ya sa ni cikin waɗanda za a kai bukin ƙasarsu, a gwada mu da rawani da takobi. Daga Yamai jirgin sama za mu shiga har birninsu, Paris."

Na ajiye gugan da ke hannuna, na yi tambayar da na gada. "Kwana nawa?"

"Tahinta ya ce guda."

Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Haba Agali! Kwana guda ko Maraɗi bai kai ka ba. Ka manta lokacin aikin tilas? Da sunka kwashe mu gyaran hanya, ba kwana bakwai sunka ce ba? Mun tahi ana shuka, mun komo an gama sussuka. Nasara in ya ce maka kusa ne, ka yi ban kwana da iyalinka."

Agali ya gyaɗa kai, don shi ma an sha ce masa kusa ne.

Ni dai ban yarda in yi aiki da ka ba. Washegari na ɗauki zaren ɗinkina na nufi lakwal, makarantar boko. Malamin lakwal ɗin mutumin Dahome ne, siriri mai tabarau, yara na ce masa Muse, mu ma muka bi. Hausarsa na ɗingishi amma tana kaiwa inda za ta. Ya sauko da wata babbar takarda mai zanen ƙasashe daga bango ya shimfiɗa. Na ce ya gwada mini Dakoro. Ya ce ba a sa ta ba, amma ga inda ya kamata ta zama, ya dasa farce. Tun daga nan girman takardar ya ragu a idona. Na ce to Agadas fa? Ya nuna. Na aza zare tsakaninsu na ƙulla, gaɓar yatsa ɗaya ke nan, kuma na san abin da gaɓar nan ke ci wa raƙumi, don na sha yi wa masu zuwa can salka. Sai na dinga ɗaga zaren ina azawa gaba, ina bin yatsan Muse zuwa arewa. Na wuce goma ban iso ba. Can kusa da ƙarshe ƙasa ta ƙare, takarda ta yi shuɗi.

"Muse, wanga shuɗin hwa?"

"Teku ne. Ruwa, babba."

"Alhamdu lillahi. Ana sha?"

"A'a. Gishiri."

"Akwai rijiya tsakiya? Ko tudun da za a sabka?"

"Babu komai, Labo. Amma ka saurara. Jirgi yana gudu sosai. Tafiyar raƙumi daga nan zuwa Agadas, jirgi zai yi ta kafin in gama darasi ɗaya da yara. Kuma a ciki ana ba mutane ruwa."

"Ka taɓa shiga?"

"Ban taɓa ba. Na karanta."

Na auna shuɗin, ya fi zuwa Agadas sau biyu. Na naɗe zarena na yi masa godiya irin wadda ake yi wa yaron da ya yi ƙoƙari. Shi karantawa ya yi, ni kuwa gani na yi. Jirgin sama yakan ratsa ta saman Dakoro jefi-jefi, kuma na sha tsayawa in kalle shi, can ƙololuwa, yana jan jiki kamar ungulun da ta ƙoshi. In daka turmin bagaruwa in ɗaga kai, yana nan bai ɓace ba. Mota ma da aka ce ta fi iska, na sha tura ta kumandan cikin rairayin hanyar Korahan. Batun a ba mutum ruwa kuwa, ban taɓa ganin Nasara ya ba sojansa ko moɗa guda a hanya ba, kowa da salkarsa.

Duk da haka na yi wa jirgin adalci. Na ba shi saurin doki mai ƙoshi wanda ba ya tsayawa kiwo. Na fitar da kwanakin hamada, na fitar da na teku inda ba sauka, na tuna Buzu ba ya kafa kai ya sha ruwa bai miƙa wa na kusa da shi ba. Sannan na ninka, yadda aka koya mini. Ya kama salka takwas, manya.

A nan matsalar take. Fatun kasuwa duk tsagaggu ne, don masu saye wa kampani haka suke so, su shanya su ɗaure a kai Faransa. Fatar salka sai an yanka akuyar dominta. Ni awaki biyu ne tak a gidana, Agali kuwa raƙumin da yake hawa ma na bariki ne. Awakin gidansa na matarsa ne, Tekna, don a wurinsu tanti da ƙananan bisashe na mace ne. Da nonon awakin nan take ciyar da 'ya'ya uku, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba.

Ran kasuwa sai ga Tekna a kan jaki. Na hango ta ta ɓullo ta wajen lakwal, na ɗauka hanya ce ta biyo da ita. Gajeriya ce mai baƙin mayafi, idonta ba ya ƙiftawa in tana sauraro. Ta zauna bakin rumfa ta ce, "Majemi, an ce kana son awakina. Hwaɗa mani dalili."

Ranar na yi wa'azi. Na zana Dakoro da Agadas a ƙasa, na fito da zare, na auna, na zana teku da gindin basilla har na shiga rumfar maƙwabcina mai sayar da taba. Mutane suka taru. Na kawo aikin tilas, na kawo motar kumandan, na kawo Baba Nomau da ke kabari. Ina magana ina jin daɗin muryata. Da na gama ta yi tambaya ɗaya.

"In ruwa ya ƙare bisa tekun, ana sabka?"

"Ba a sabka."

Ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta miƙe ta ce, "Taho jibi ka zaɓa."

Na je Tagris na zaɓa. Mai zaɓen fatar salka manya yake zaɓa, manyan kuwa su ne masu nono. Cikinsu har da uwar garke, wadda in ta tashi sauran ke bi, wata ja mai farin tabo a haƙarƙari, suna ce mata Tatrit, wato tauraruwa da yarensu. Na ce ita kam ba makawa, ban taɓa ganin fata mai kyanta ba. Tekna ba ta yi musu ba. Da aka kayar da Tatrit sai ta juya baya ta shiga tanti, ba ta fito ba har muka gama. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, amma hannuna na cikin fata mai laushi bayan wata da watanni ina gyaran guga, sai daɗin aiki ya danne. Zangon ya ci nama har ya gundure su, aka yanyanka saura aka shanya. Abin da ya rage a garken 'yan ƙanana ne da wani tsohon bunsuru.

Ban taɓa aiki kamar na salkunan nan ba, kuma ban sake ba. Bagaruwar sai da na tsince ta ɗaya-ɗaya. Kowane ɗinki na bi shi na sake bi. Na hura, na saurara, na danna su cikin kwatarniya ina neman kumfa ko ɗaya, babu. Ranar tafiya ana cikin shuka, aka ɗora su a kamiyo gaban bariki, a naɗe, sai an kai kogin Yamai za a cika su. Rabin gari ya fito. Na tsaya kusa da mota ina gyara ɗaurin da ba ya bukatar gyara don kowa ya san aikin wane ne. A makon nan mutum uku suka ba ni aikin sabuwar salka, wai suna son irin ta Faransa.

Na gaya wa Tekna kada ta sa ido kafin kaka. Gero bai fidda kai ba sai ga Agali, har ya yi ƙiba, ya sauko daga kamiyo da wani ƙunshi a ka. Ya zo ya sauke shi gabana. Salkunana ne, sun bushe sun ƙandare kamar ganda. Ya zauna ya hura wuta ya aza buta, 'yan kasuwa suka kewaye mu. Ranar ce kaɗai na ji Agali ya yi dogon zance, kuma da ma bai yi ba.

"Na cika su a kogi," in ji shi. "Na ɗauki jakkai sunka kai mani hilin jirgi. Akwai wani Nasara mai ma'auni, kowa shina aza jakarshi. Na aza guda, ƙarhen ya kwanta. Ya leƙo ya ga sauran bakwai, ya kira 'yan uwanshi. Har mai tuƙin jirgin ya hito. Wani ya ɗauki hoto."

Mai taba ya matso ya ce, "Sai mi?"

"Sunka ce ko guda ba ta shiga, in zubda. Ni ban iya zubda ruwa ƙasa, kun sani. Na bi ma'aikatan hilin ina roƙonsu su sha, sunka sha har sunka riƙa gudu in sun hango ni. Saura na ba itatuwa. Hwatun na bar ma wani mahauci ɗan Dakoro ajiya."

Wani daga baya ya ce, "To kwana nawa kunka yi a sama?"

Agali ya ɗaga yatsu, da salloli yake lissafi. "La'asar a Yamai. Magariba da lisha a zaune cikin jirgi. Asuba mun sabka wani birnin Larabawa bakin ruwan, anka ba jirgi mai. Azahar a Paris."

Na ce, "Tekun hwa?"

Ya nuna butar da ke kan wuta. "In ka aza ta lokacin da ƙasa ta ƙare, kahin a sha shayi na ukku ka ga wata ƙasa. Na leƙa ta taga, shuɗi ne kamar na takardar Muse. Wata ɗiyar Nasara ta kawo mani ruwa cikin finjali. Ban ma shanye ba."

Kasuwa ta ɗauka. Mai taba ya faɗi yana riƙe ciki. Kafin la'asar sunana ya koma Labo Mai Teku, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Fatun jar akuyar ƙasar nan ɗauri-ɗauri suke tafiya Faransa kowace shekara, tsagaggu, ba mai hana su. Nawa ne kaɗai, da aka yi da basira, aka tsayar a ƙofa. Mutum ukun nan suka aiko a dakata da aikinsu tukuna. Muse ya wuce da yamma, ya ɗaga mini hula kamar kullum bai ce komai ba, na gwammace da zagina ya yi.

Ran kasuwar da ta biyo baya sai Tekna ta zo. Na riga na jiƙa salkunan na shafe su da mai sun dawo hayyacinsu, na cusa su lungu inda ido ba ya kaiwa. Ta shiga ba sallama ta kwaso su, ta bi gwafannin rumfata tana ratayewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu na reto. Ta ja da baya ta dube su, sannan ta ce da ƙarfi yadda masu taba da masu gishiri za su ji, "Ga awakina nan, majemi. Ɗiyana na son nono da sahe. Kai ne gwanin lissahi, sai ka tatse su."

Ta hau jakinta ta tafi. Ban iya sauke su ba sai da kasuwa ta watse.

Abin ya daina zama na dariya da damina ta ɗauke da wuri. Ciyawa ta bushe tun ba ta kai gwiwa ba, 'yan awakin da suka rage wa Tekna kuwa ba su isa haihuwa ba. Agali na zuwa yana dafa shayinsa, bai taɓa ɗaga maganar ba. A bakin wata mai sayar da cuku na ji ƙaramar 'yarsu ta rame, kunu tsura take sha, ba ya zama a cikinta. Na koma gida na kasa cin tuwo. Awakin nan biyu na bayan ɗaki duk suna shayarwa, ɗaya tawa, ɗaya ta mai ɗakina Hajo. Na fara kewaye-kewaye, Hajo ta katse ni ta ce, "Malam, in za ka kai ka kai, tun ɗiyar mutane na da sauran ƙarhin haɗiya. Kuma kada ka tsaya auna hanyar da zare."

Na kora su da 'ya'yansu a ƙasa har Tagris. Na tarar da Tekna bakin tanti da yarinyar a cinya, wuya ya sirance, ido ya faɗa. Ta ɗauki ƙwarya ta durƙusa ta tatsi ta Hajo, ta dinga ba yarinyar da ludayi kaɗan-kaɗan. Sai da ta ga nonon ya zauna a cikin yarinyar sannan ta shimfiɗa mini tabarma.

Na yi gyaran murya na ce, "Tekna, ni na ruɗe ki da zarena da yawan bakina. Da ban iya magana ba, da awakinki na nan."

Ta dube ni yadda ta dubi zanen nan ran kasuwa. "Kai kana zaton maganarka ce ta sa?"

"To mi?"

"Kahin in taho rumhwarka na biya lakwal. Malamin ya gwada mani takardarshi, ya ce kwana guda ne, ana ba su ruwa. Na hi yarda da shi. Shi a natse ya yi magana, kai kuwa kana ta kumhwar baki kamar dillalin jakkai."

Na ce, "To don mi kinka ba da su?"

"Na zauna na duba. Ku biyu ba wanda ya taɓa shiga jirgin. In malamin ne bai yi daidai ba, uban ɗiyana za shi mutu da ƙishirwa bisa ruwan gishiri, ko kabarin da zan gwada ma ɗiyanshi babu. In kai ne ba ka yi daidai ba, awaki ne sunka mutu. Akuya ana samun wata."

Tun dawowar Agali nake jin kunyar na rinjayi matar nan da iya magana, ashe ko wannan ɗan girman ban samu ba. Abin da Baba Nomau ya yi shekaru yana cusa mini da ranƙwashi, ita ta yi shi a zaune bakin rumfata, kuma ta san abin da zai ci mata tun ba a kayar da akuya ta farko ba, ni kuwa ina can ina sauraron muryata.

Can na ce, "To tunda kin sani, don mi kinka rataye mani su gaban kasuwa?"

Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Don ba ka yi daidai ba mana. Kuma cikinsu akwai Tatrit."

Yarinyar ta warke ta girma, yau 'ya'yanta ke kawo mini cuku in sun shigo gari. Bakwai daga salkunan Agali ya yi ta aiki da su har ya bar soja, ba wadda ta taɓa ɗiga. Ta takwas Tekna ta ce ba ta son ganinta a tantinta, in riƙe. Ita ce wadda saurayin nan ya yi wa dariya jiya. Gashin ya zube, amma in ka matso za ka ga inda farin tabon yake, kuma duk kaka nakan shafa mata man shanu.

Da ya gama dariyarsa ya kama igiyar jaki, na tambaye shi ina za shi. Ya ce Rumbu, nan kusa, yanzu zai komo. Na ce ya dakata. Na shiga ciki na ɗauko bido na uku na bi shi har bakin hanya, yana cewa ba ya so, ni ina ɗorawa.